Tafiyar jirgin ruwa daga Luksor zuwa Aswan: tsarabar 'yan makaranta da maganar lafiya

Hajiya Rabi Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Maganar tafiyarmu ta Masar ce. Zuwa yanzu mutum 14 suka ba da suna. Mai kamfanin ya turo tsari biyu: ko mu hau jirgin ruwa a Luksor mu kwana huɗu kafin mu isa Aswan, ko mu faro daga Aswan mu gangaro Luksor a kwana uku. Don Allah a zaɓi ɗaya cikin makon nan, yana jiran amsa.

Sai na biyu. A cikin tsarin akwai ziyarar wani ƙauyen Nubawa, mutanen kudancin Masar da arewacin Sudan, da makarantarsu. Mu da muka tsufa da alli a hannu ai ba za mu shiga makarantar mutane hannu rabbana ba. Na riga na sayi biro katan ɗaya da fensir, ina shirin ƙarawa da littattafan rubutu da alawa. Mai son sa hannu ya yi magana.

Na uku, lafiya. Rabinmu masu hawan jini ne ko ciwon suga. Likita, muna sauraronki.

Alhaji Ɗanlami Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku ɗauki na kwana huɗu, wannan ba ya buƙatar dogon tunani. Kogin Nilu daga kudu yake gangarowa arewa, to mai tashi daga Luksor zuwa Aswan haurawa yake yi, shi ya sa ya fi daɗewa. Tsakaninsu kilomita 200 da 'yan kai ne kawai, mota cikin 'yan awoyi take isa, amma ai ba don sauri ake hawan jirgin ba. Kuma mafi yawan abin kallo a Luksor yake: tsohon wurin bautar Fir'aunoni na Karnak, da Kwarin Sarakuna inda aka gano kabarin Tutankamun a 1922, da ginin sarauniya Hatshebsut a gindin dutse. A tsarin kwana uku kusan duk wannan a yini guda ake cusa shi. Dattawa ba za su iya ba.

Inda za ku dage shi ne ɗaki. Kada ku yarda a ba ku hawan ƙasa, musamman ta bayan jirgi, nan injin yake, ƙara da warin gas har asuba. Sannan ku sani jiragen nan jerawa suke yi gefe da gefe a bakin gaɓa, wani lokaci huɗu ko biyar. In naku ne na ƙarshe, sai kun ratsa ta falon sauran kafin ku taka ƙasa, kuma in kun buɗe labule tagar wani za ku gani, ba ruwa ba. Masu ciwon gwiwa su tambaya ko jirgin yana da lifta, yawancinsu matakala ce kawai.

Malam Garba Ɗandago:
Na goyi bayan kwana huɗu. Hajiya ki rubuta ni katan biyu na alawa.

Ustaz Mukhtar (Alƙahira):
Barkanmu iyaye. Ni ma huɗun nake gani. Game da lokaci, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne aka fi jin daɗin kudancin Masar. Da bazara zafin Aswan yana haura digiri 40, kuma wuraren tarihin nan babu inuwa. Amma ƙarshen Disamba farashi yana tashi saboda hutun Turawa. In kuna son samun yara a aji, ku kauce wa Janairu: jarrabawar tsakiyar shekara ce, daga nan hutu ya biyo har farkon Fabrairu. Juma'a babu makaranta, da yawa har Asabar. Nuwamba ya fi dacewa da ku.

Daga Alƙahira zuwa Luksor akwai jirgin ƙasa mai gado, kusan awa 10, akwai kuma jirgin sama, awa ɗaya. Ga dattawa na fi son na saman. Biza kuma tun daga Abuja ake nemanta, a fara da wuri.

Nafisa A.:
Gwaggo, kada ki ji haushina, amma alawar nan a bar ta. Kai, har biron ma ina da ja a kai. Jirage nawa ne suke tsayawa a ƙauyen nan kullum? Kowane ya sauke baƙi, kowane baƙo da biro da alawa a jaka. Yaron da ya gane cewa tsayuwa a bakin ruwa tana kawo kyauta, me zai zaunar da shi a aji?

Malam Garba Ɗandago:
Ke Nafisa, ku yaran yanzu komai sai kun sa masa boko. Kyauta kyauta ce. Faranta wa yaro rai sadaka ne. Tun kafin a haife ki muke raba alawa a makaranta, ba mu ga wanda ta lalata ba.

Nafisa A.:
Baba Garba, Allah ya ƙara girma. Amma ku ɗalibanku kuke ba, kun san sunan kowa, kun san ubansa, gobe ma kuna nan. A can minti talatin za mu yi mu tafi, wasu su zo.

Alhaji Ɗanlami Fagge:
Malam, yarinyar nan tana da gaskiya. Da idona na gani a Idfu, garin da jiragen ke tsayawa a hanya don a kalli wani tsohon ginin Fir'aunoni. Muna saukowa daga keken doki wata Baturiya ta buɗe jaka ta fito da fakitin biro. Kafin ka ce kwabo yara sun yanyame ta, manyan suka ture ƙananan, wani ɗan ƙarami ya faɗi ya fasa leɓe. Wanda ya fi ƙarfi ya kwashe kusan rabi. Da muka fito daga kallon ginin, shi ne a bakin ƙofa yana sayar wa wasu baƙin biron nan. Kuma da hantsi ne, ranar karatu.

Hajiya Rabi Gwammaja:
Subhanallahi. Ai ni ba a titi na ce za mu raba ba, a makaranta na ce.

Ustaz Mukhtar (Alƙahira):
To Hajiya, nan ma akwai magana. Ƙauyen da kamfanoni suka fi kai baƙi shi ne Garb Suhel, a yammacin kogi kusa da Aswan, mai gidaje masu fenti shuɗi da rawaya, inda ake ajiye kada a cikin gida don a kalla. Makarantar da ake shiga a irin wannan ziyara yawanci ɗan ɗaki ne da ake zaunar da baƙi a kan benci, a koya musu alifun ba'un da 'yan kalmomin Nubanci, a yi dariya, a ba malamin na goro. Abin sha'awa ne, amma ku da kuka sauke Alƙur'ani ba ku da buƙatar a koya muku baƙaƙen Larabci.

Makarantar gwamnati kuwa ba a faɗa mata kai tsaye. Baƙo daga wata ƙasa sai da izinin hukumar ilimi, shugaban makaranta ba zai buɗe ƙofa don kansa ba, yana tsoron abin da zai biyo baya. Don haka ku tambayi mai kamfanin a rubuce: wace makaranta ce, ta gwamnati ce ko ta unguwa, wa ya nemi izini, wa zai karɓe ku. In ya fara kame-kame, kun san amsar.

Malam Garba Ɗandago:
Wato dai a taƙaice kada a ba kowa komai. Mu je mu kalli gumakan Fir'auna mu dawo.

Zainab Mai Wurno:
Salamu alaikum ya jama'a. Ustaz ne ya sa ni a zauren nan, ya ce ko zan taimaka. Ni Bahaushiyar Sudan ce daga Mai Wurno, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ne ya kawo mu Aswan, yarana uku a nan suke karatu.

Baba Malam, ba wanda ya ce kada a ba da. Buƙata tana nan kamar me. Amma ku bari in faɗa muku abin da zai faru da littattafan rubutun Kano in kun kawo. Yaran nan da Larabci suke karatu, littafinsu daga dama yake buɗewa, layin gefe yana dama. Naku daga hagu yake, sai dai su juya shi kai ƙasa. Jadawalin lissafin da ke bayan bangon ma da lambobin boko yake, su kuma ƙanana da lambobin Larabci suke aiki. Sannan malamai sukan faɗi irin littafin da suke so, mai shafi kaza, mai layi kaza. Duk wannan ana samunsa a kasuwar Aswan da araha, a shagon da mai shi ma yake da yara a makarantar. Ku zo da kuɗinku ku saya a nan, kun huta da biyan kuɗin nauyin kaya a filin jirgi.

Abu na biyu, ba biro ne ya fi damun iyaye ba. Yunifom, takalmi, jaka, kuɗin darasin yamma, su ne suke karya mutum. A aji kuma abin da malami zai fi murna da shi irin su fanka, alƙalamin farin allo, taswira, ƙwallo, akwatin taimakon gaggawa. Amma wannan ma hasashena ne, shugabar makaranta ita ta san abin da ya ƙare mata.

Hajiya Rabi Gwammaja:
Ikon Allah. Zainab, Allah ya kawo ƙarshen fitinar nan ya mayar da ku gida lafiya. Maganarki ta shige ni. Lokacin da nake shugabar makaranta wasu baƙi sun taɓa kawo mana kwalaye cike da littattafan karatu da harshen da ko malamanmu ba sa ji. Muka yi godiya, aka ɗauki hoto, gara ta cinye su a sito. A lokacin abin da muke nema alli ne da kwanon rufin aji biyu.

Zainab Mai Wurno:
Amin Hajiya, na gode. Ƙarin bayani kaɗan a kan Nubawa, don ku san gidan wa za ku shiga. Da aka fara gina babbar madatsar Aswan a 1960, aka gama a 1970, ruwan tafkin Nasir ya cinye ƙauyukansu da gonakin dabinonsu da maƙabartunsu. Na ɓangaren Masar aka kwashe su a 1963 da 1964 zuwa wajen Kom Ombo, nesa da bakin kogi. Na ɓangarenmu, mutanen Wadi Halfa, aka kai su Sabuwar Halfa a gabashin Sudan. Duniya ta taru ta yanka gine-ginen Fir'auna na Abu Simbal gunduwa-gunduwa ta ɗaga su sama don kada ruwa ya ci, amma mutanen har yau dattawansu suna maganar komawa. Mutane ne masu karamci da jin kansu. Za su ba ku shayi da zoɓo, ba sa son a kalle su a matsayin mabarata. Kuma da ƙauyen da jirage ke tsayawa da ƙauyukan can bayan Kom Ombo da baƙo ba ya zuwa, na biyun sun fi buƙata nesa ba kusa ba.

Nafisa A.:
Sai maganar hoto. Don Allah kada a jera yaran mutane riƙe da kyauta a ɗauka a sa a Facebook. Ba za mu so a yi wa namu haka ba.

Malam Garba Ɗandago:
Wannan kam na yarda. Amma alawa ban sauka ba tukuna. A damƙa wa malamin, ya raba ranar da ya ga dama. Mene ne laifin wannan?

Dr. Halima:
Baba Garba, ni laifin da na gani haƙora ne, amma na bar ku da Nafisa. Ku yi haƙuri da jinkiri, ina kan aiki ne. Bari in yi tawa doguwa sau ɗaya.

Farko katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Masar tana neman sa daga duk wanda ya taso daga ƙasar da ake samun cutar, Najeriya da Nijar duk suna ciki. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kuma tun 2016 guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wanda ya haura 60 kuma bai taɓa yi ba, ya ga likita tukuna, don a wannan shekarun allurar farko tana buƙatar a duba mutum. A yi allurar gaske, kada a sayi kati kawai. Rigakafin taifot da na ciwon hanta nau'in A su ma suna da amfani.

Abin da ya fi kwantar da mutane a jiragen nan gudawa ne. Abincin a jere ake ajiye shi kowa ya ɗiba, wani ya daɗe a buɗe. Ku ci abin da ya fito daga wuta da zafinsa. Ful wato dafaffen wake, ta'amiyya mai kama da ƙosai, shinkafa, gasasshen kifi, miyar mulukiyya wadda lalo ce, duk lafiya lau. Ku bar ɗanyen ganye da 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye, ku ɗauki ayaba da lemo ku ɓare da kanku. Ruwan gora kawai, a duba murfin bai taɓa buɗuwa ba, da shi za a goge baki. Ƙanƙara a cikin lemo a ce a'a. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, musamman bayan an taɓa kuɗi.

Kowa ya sa fakitin gishirin gudawa a jaka. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwan gora, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Maganin tsayar da gudawa yana da amfani ranar doguwar tafiya a mota, amma in akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi, kada a sha, a nemi likita. Masu shan metformin ko maganin hawan jini mai sa fitsari, ku tambayi likitanku tun yanzu me za ku yi in gudawa ko amai ya yi tsanani, don akan dakatar da wasu na ɗan lokaci saboda ƙoda.

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu kaɗai. A Oktoban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. To ba za ku ɗauko shi a can ba, amma kuna iya tafiya da shi. Sauro ya cije ka a Kano, sai bayan mako ɗaya ko biyu zazzaɓin ya tashi, lokacin kana tsakiyar kogi, likitan da ke can kuma ba lallai hankalinsa ya kai nan ba tunda ba ya ganin cutar. Duk wanda jikinsa ya yi zafi ya faɗa da bakinsa daga inda ya fito. Zan haɗa muku kayan gwaji da maganin a akwatin tawaga.

Malam Yusufa Damagaram:
Madalla Likita. Tambayata: an ce za a hau faluka, kwale-kwalen nan da iska ke turawa. In sallah ta riske mu, mutum zai iya miƙa hannu ya yi alwala da ruwan kogin? Sannan alƙibla fa, tunda jirgi juyawa yake?

Dr. Halima:
Malam, a yi alwala tun a jirgi kafin a fita. Tsargiya tsohuwar cutar Nilu ce, a Alƙahira ma aka fara gano tsutsar a 1851. Daga jikin dodon koɗi take fitowa ta huda fata, ba sai an sha ruwan ba. An rage ta ƙwarai, kuma ta fi yawa a magudanan gona da inda ruwa ya kwanta, amma ban ga dalilin gwadawa ba. Masu faluka za su ce muku a wajen Aswan ruwan tas yake, ku shiga ku yi wanka. Ku ce kun gode. Ruwan famfon jirgi ya isa alwala da wanka, kawai kada a haɗiye wajen kurkure baki.

Ustaz Mukhtar (Alƙahira):
Alƙibla daga Luksor da Aswan kudu maso gabas take. Mutum ya fuskance ta lokacin kabbara, in jirgi ya karkata ya gyara gwargwadon iko. Ma'aikatan jirgin yawancinsu Musulmi ne, su za su nuna muku. Ku matafiya ne kuma, akwai sauƙin ƙasaru. In Juma'a ta same ku a Luksor, masallacin Abul Hajjaj yana cikin tsohon ginin Fir'aunan kansa, an ɗora shi a kan ginshiƙansa. Ku yi ƙoƙari ku shiga.

Tunda ana maganar addini: jiragen suna da mashaya da wurin ninƙaya a sama, kuma akwai daren da ake kawo mai rawa. Ba a tilasta wa kowa, mutum ya ci abincinsa ya wuce ɗaki.

Malam Garba Ɗandago:
A'uzu billahi. Ni da jiƙona da sassaƙena zan shige ɗaki tun magariba.

Dr. Halima:
Baba, jiƙon nan shi ne na so in zo kansa. Garin magani a ƙulle a leda babu suna, ma'aikacin kwastan bai san sassaƙe ba, za a iya tsare ku har sai an gwada. A bar shi a gida. Mafi haɗari kuma tramadol. Masu ciwon gwiwa da baya, ku duba jakunkunanku. Masar ba ta wasa da shi ko kaɗan: a 2017 an yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara uku saboda ta shigo da ƙwayoyi kusan 300. Haka maganin tari mai kodin. Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali, da takardar likita, a jakar hannu, da ƙarin na mako guda. Masu insulin su tabbatar akwai firij a ɗaki. Inshorar lafiya ta tafiya kuma a karanta a ga ta ɗauki ciwon da mutum yake da shi tun da.

Rana ko a Nuwamba tana da ƙarfi, iskar busasshiya ce, mutum ba ya jin gumi sai jiri ya ɗebe shi. A riƙa kurɓar ruwa ko ba ƙishi. Kaburburan Kwarin Sarakuna gangara ce mai tsawo, ciki babu iska, mai ciwon zuciya ya shiga ɗaya ya huta. Da dare kuma saman jirgi sanyi ne sosai, a taho da rigar sanyi.

Alhaji Ɗanlami Fagge:
Abu biyu kafin in manta. Yawancin wuraren tarihi yanzu da kati ake sayen tikiti, ba sa karɓar tsabar kuɗi, kowa ya tabbatar katinsa yana aiki a waje. Amma ku riƙe canjin fam na Masar ƙanana don na goro, ko bayi za ka shiga sai ka miƙa. Sannan a garin Isna da ke kan hanya akwai ƙofar ruwa da jirgi ke shiga a rufe, a ɗaga ruwa kafin ya wuce, ana iya jira awoyi. Nan masu kwale-kwale suke zuwa su ɗaure a jikin jirgi, su cillo jallabiya a leda har sama. In ka so, ka sa kuɗi a ledar ka jefa musu, in ba ka so ka mayar. Hajiya, kada ki buɗe ledar in ba saya za ki yi ba, ba za su ƙyale ki ba.

Abu Simbal kusan kilomita 280 ne daga Aswan, ana tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, sama da awa uku a mota kafin a isa. Ya cancanci wahalar, amma a bar shi ganin dama.

Hajiya Rabi Gwammaja:
To alhamdu lillahi. Zan gaya wa mai kamfanin kwana huɗu, Nuwamba, hawa na biyu ko na uku. Biron da na saya zan kai firamaren unguwarmu gobe. Zainab, in ba takura, ki nemo mana shugabar wata makaranta ki tambaye ta abin da take buƙata da farashinsa, ko da ba za a bar mu mu shiga ba, mu haɗu da ita a waje. Ki haɗa da yaran 'yan uwanmu na Sudan da suka rasa yunifom.

Zainab Mai Wurno:
Ba takura Hajiya. Lahadi in na kai yara zan yi mata magana. Amma ku ba ni adadin kuɗin da kuke tunani tukuna, kada in sa mata rai da abin da ya fi ƙarfinku.

Malam Garba Ɗandago:
Ki tambaye ta har da alawa. In ta ce a'a na haƙura.

Dr. Halima:
Kowa ya turo min hoton katinsa na shawara da jerin magungunan da yake sha, ta akwatina ba a nan ba, kafin Alhamis. Baba Garba, har da sunan itacen da ke cikin jiƙon.